Daga kabu-kabu zuwa ƙafa uku: yadda dattijan tasha suka sauya abin hawa

 Yau maganar tasha za mu yi, amma ba tashar radiyo ba, tashar moto.

Duk wanda ya saba tsayawa bakin kwalta ranar kasuwa ya lura da wani abu a ƴan shekarun nan. Ƴan kabu-kabun da ke jere bisa moto mai ƙafa biyu yawancinsu samari ne, wasu ko gemu bai fito musu ba. Masu furfura kuwa, waɗanda muka buɗe ido muka tarar bisa moto tun muna ƴan lakwal, da damansu sun koma ƙafa uku. Wannan yana jan adaidaita ta ɗaukar mutane, wancan yana jan dogon baro na ɗaukar kaya. Akwai masu yi musu ba'a, wai tsoho ya ji tsoro ya ƙara ƙafa. To abin ya wuce ba'a. Tsara ce guda ta mutanenmu, ta farko a tarihin ƙasar nan da ta tsufa bisa moto, kuma babu wanda ya taɓa tanadar mata inda za ta sauka.

Bari mu ɗan koma baya. Zamanin gyaɗa, lokacin da kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 ke saye a kasuwanninmu, jaki da raƙumi ne ke kawo buhu daga ƙauye, sai manyan motoci su kwashe. Amalanken shanu ya yawaita daga baya. Mai hali ya sayi keke daga Katsina ko Kano. Moto kuwa alamar albashi ce: mobiletin malamin lakwal, Yamaha ko Suzukin malamin gona da ake ba shi don ya zagaya ƙauyuka. Idan aka ji ƙararta, yara su fito kallo. Babu wanda ya ɗauke ta a matsayin sana'a.

Sana'ar daga Najeriya ta ƙetaro. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 sun cika garuruwansu da baburan Japan. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, naira ta karye, masana'antu suka rage ma'aikata, sai mai babur ya fara ɗaukar mutane don ya samu na cefane. Legas suka ce okada, Kano suka ce acaɓa, Sakkwato suka ce kabu-kabu, kuma wannan sunan na ƙarshe shi ne ya zauna a bakinmu. A Nijar garuruwan iyaka irin su Ƙonni da Gaya ne suka riga kowa, sannan abin ya bazu. Mu ma muna da namu dalilan: yunwar 1984 ta kori samari daga gona, gyaɗa ta riga ta mutu a matsayin abin dogaro, sannan ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Wanda ke jiran aikin gwamnati ya gane jiran ba shi da ranar ƙarewa.

Amma abin da ya mai da kabu-kabu sana'ar kowa shi ne motocin ƙasar Sin da suka shigo a shekarun 2000, irin su Kasea da Jincheng, sannan Bajaj Boxer ta Indiya. Araha gare su idan aka kwatanta da na Japan, kayan gyaransu kuma na nan kamar ƙasa. Ga man Najeriya mai tallafi da ake sayarwa cikin kwalba a kowace kwana. Ga wayar salula ta zo, mutum na iya kiran ɗan kabu-kabunsa daga ƙauye tsakar dare. A yankinmu da kwalta ɗaya ce ta kirki, wato RN1 da ta ratsa Gidan Rumji, Maraɗi, Cadawa, Agye, Gazawa ta nufi Tasawa da Damagaram, moto ta zama komai. Ita ce motar ɗaukar mara lafiya zuwa likita, ita ce ke kai mai naƙuda, ita ce ke kai saƙon rasuwa, ita ce ke ɗauko akuya biyu da buhun gero da fasinja a lokaci ɗaya. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 160,000 a gundumar Gazawa, wadda shekara guda kafin nan, a 2011, aka cire ta daga Agye. Mafi yawan mutanen nan ba bakin kwalta suke zaune ba. Moto ce ta haɗa su da ita.

Yanzu ku yi lissafi da mu. Saurayin da ya hau kabu-kabu yana ɗan shekara 25 a 1995 ya cika 55 a 2025. Shekara 30 ke nan yana cin ƙura. Ma'aikacin gwamnati na da fansho, ma'aikacin kamfani na da asusun CNSS idan ubangidansa ya zuba masa. Ɗan kabu-kabu ba ya cikin littafin kowa. Ranar da bai fita ba, ranar ba a ɗora tukunya ba, sai in akwai gero a rumbu. Kuma a wannan shekarun ne nauyi ya fi yawa: auren ɗiya, kuɗin lakwal na ƙanana, jikokin da aka bar masa.

Wanda bai taɓa tuƙa moto cikin rairayi ba ba zai gane abin da take ci a jikin mutum ba. Hanyoyin jigawarmu, da waɗanda ke gangarawa Gulbin Kaba, ba a zaune ake bin su ba. Ƙafar gaba na lilo, ta baya na tono, direba na sauke ƙafafunsa hagu da dama kamar mai tuƙa jirgin ruwa, yana tallafe nauyin moto da na fasinja da na kaya da cinyarsa. Saurayi zai yi haka yini guda, da dare ya je hira. Dattijo kuwa gwiwa ce ke fara kawo ƙara, sai ƙugu, sai kafaɗa. Tada moto da ƙafa da sanyin asuba lokacin hunturu, abin da a da ba ya ko tunawa, ya zama aiki. Kuma moto mai ƙafa biyu ba ta tsayawa da kanta. Da zarar gudu ya ragu, kai ne ƙafarta ta uku. Rannan da gwiwa ta ƙi amsawa cikin ƙiftawar ido, ku duka kuna ƙasa, kuma salansa mai zafi na bisa ƙaurin wani.

Faɗuwa kuma ba iri ɗaya ba ce ga yaro da babba. Ƙashin yaro na ɗoruwa da wuri. Dattijo in ya karye a cinya ko ƙugu, watanni ne a kwance ko wajen maɗori aka kai shi ko asibiti, wani ma ba ya komawa daidai. Cikin watannin nan ana sayar da tunkiya, ana sayar da gero, daga ƙarshe a sayar da moton kanta. Mun sha karanta sanarwar neman taimako irin wannan. Don haka tambayar da ke gaban dattijon tasha ba ta jin daɗi ba ce. Ko ya sauka ya zauna gida, ko ya ba yaro moton yana kawo masa abin da ya ga dama, ko ya samu abin hawan da ke tsayawa da kansa.

Abin mamaki shi ne, wannan abin hawa mai ƙafa uku babu inda aka ƙera shi ko aka shigo da shi don tsofaffi. Asalinsa Italiya ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanin Piaggio ya fito da Vespa a 1946, sai a 1948 ya ɗauki gaban Vespa ya haɗa masa akwati da ƙafa biyu a baya don ƙananan ƴan kasuwa da ba su da kuɗin mota. Suka sa masa suna Ape, wato kudan zuma, don aiki aka yi shi. Wajen 1960 kamfanin Bajaj na Indiya ya fara ƙera irinsa da izinin Piaggio, kuma a Indiya ne ya zama tasin talaka. Har gobe yawancin adaidaitar da kuke gani daga can suke, Bajaj ko TVS, da inji wanda bai wuce na babbar moto ba, wajen cc 200.

A Najeriya Legas ta fara gani, zamanin da Buba Marwa ke mulkin jihar tsakanin 1996 da 1999, shi ya sa can suke ce masa Keke Marwa. Gwamnatin Obasanjo ta kafa shirin yaƙi da talauci na NAPEP a 2001, ta rarraba kekunan bashi, aka samu Keke NAPEP. Sunan da muke kira kuwa na Kano ne. A Daidaita Sahu ba sunan abin hawa ba ne tun farko, sunan shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. A 2005 aka hana ƴan acaɓa ɗaukar mata, gwamnati ta kawo kekunan nan don mata su samu abin hawa cikin sutura, sai sunan shirin ya manne musu. Kun ga ke nan farkonsa a ƙasar Hausa abin hawan mata ne, kuma akwai lokacin da namiji ke jin nauyin a gan shi ciki.

Tsaro ne ya kammala aikin. Maiduguri ta hana babura a watan Yulin 2011 saboda Boko Haram. A Kano, ranar 19 ga Janairun 2013 ƴan bindiga suka buɗe wa ayarin Sarki Ado Bayero wuta, Allah ya kuɓutar da shi amma direbansa da wasu dogarai suka rasu. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta haramta acaɓa a birnin. Dubban mutane suka wayi gari ba sana'a. Mai hali ya koma adaidaita, marar hali ya sayar da babur ko ya bar gari da shi, kuma cikin waɗanda suka bari har da ƴan ci-raninmu. Cikin ƴan shekaru Kano ta zama ruwan ɗorawa. Abin da ya cika Kano kuwa ba ya daɗewa bai iso Katsina ba, daga Katsina ya bi ta Jibiya da Ɗan Isa ya shigo Maraɗi, da sunansa da fentinsa. A cikin ƙasarmu ma an ga irin haka a Difa, inda dokar ta-ɓaci ta Fabrairun 2015 ta hana hawan moto.

Dogon baro hanyarsa daban. Shi ƙirar ƙasar Sin ne, gaban moto da akwatin ƙarfe a baya, kuma kusan lokaci ɗaya ya mamaye Afirka ta Yamma. Bamako suna ce masa katakatani, Gana suna ce masa aboboya. Mu muka dube shi muka ga baro ne da aka ja wa tsawo. A ƙananan garuruwa irin namu shi ya fi adaidaita amfani, don ba mu da dogayen titunan cikin gari da za a yi ta jigilar fasinja, amma muna da aya da riɗi da wake da gyaɗa da za a fitar daga gona, muna da bulo da yashi da jarkokin ruwa.

Wani abin dariya: a Amurka ma tsofaffin masu moto na komawa ƙafa uku. Kamfanin Harley-Davidson ya fito da wata mai suna Tri Glide wajen 2009, kuma masu furfura ne manyan masu sayenta. Ciwon gwiwar iri ɗaya ne da na dattijanmu. Bambancin shi ne su yawon shan iska suke son ci gaba da yi bayan ritaya, namu kuwa tuwon dare suke nema.

To me dattijo ke samu in ya sauya? Na farko, ya daina zama ƙafar moto. Zai tsaya a cunkoson kasuwa, ko a shingen jandarma, ba tare da ya sauke ƙafa ba. Adaidaita na da rufi, rana da ruwan sama sun ragu masa, akwai majingina. Akwai giyar baya, ba sai ya sauka ya ja ba. Na biyu, kuma wannan ba a cika faɗarsa ba, furfurar da ta zama masa cikas bisa moto ta zama masa jari a nan. Matan aure masu zuwa biki ko awon ciki, tsofaffi masu zuwa likita, uban da ke neman wanda zai riƙa kai masa yara lakwal, ɗan kasuwar da zai ɗora buhu goma ya ce a kai gidan wane ba tare da ya bi ba, duk sun fi natsuwa da mutumin da suka sani shekara 20 bisa yaron da ke tsere da abokinsa. Ana ce masa Baba, ana ba shi amana. Wannan kasuwa ce da samari ba su iya ƙwace masa da gudu.

Amma fa kada wani ya ce maka wanda ya iya moto ya iya ƙafa uku. Mu a ganinmu ma, gwanin moto ya fi sabon shiga haɗari a makonnin farko, don jikinsa ya haddace abin da ba ya aiki a nan. Moto kwanciya take yi a kwana. Direba ba ya ko tunani, ya karkata jikinsa, ita kuma ta bi. Ƙafa uku ba ta kwanciya. Sai ka murɗa kanta da hannu, kuma nauyinta waje yake tafiya, ba ciki ba. In ka shiga kwana da gudun da ka saba, ƙafar baya ta ɓangaren ciki sai ta ɗaga, in kaya na da tsawo kuwa sai dai a tattara. Ƙafa ɗaya ce a gaba, babu abin da zai tare ta. Dabarar ita ce a rage gudu kafin kwanar, ba a tsakiyarta ba, kuma a sa kaya mai nauyi ƙasa, kusa da gaba, ba a tula shi sama ko can baya ba.

Akwai kuma maganar sawu. Moto sawu ɗaya take bari, in ƙafar gaba ta kauce wa rami ta baya ma ta kauce. Ƙafa uku sawu uku take bari. Ka kauce da ta gaba, ta baya ta faɗa. Mutumin da ya shekara 30 yana ratsawa tsakanin amalanke da bango yana mance cewa yanzu bayansa ya fi gabansa faɗi, sai ya ji ya kwashi tiren mai ƙosai. A bakin kwalta, inda gefen hanya ya zaizaye ya yi gangare, abin na janka zuwa ƙasa, kai kuma hannunka bai saba riƙe kai da ƙarfi haka ba. Mafi muni shi ne tsohuwar al'adar sauke ƙafa. Bisa dogon baro, in abu ya taso maka ka sauke ƙafa kamar yadda ka saba, akwatin baya da tayarsa na nan tafe bisa ƙafar taka. A adaidaita kuma giya a hannun hagu take tare da kuloci, ba a ƙafa ba, sai kwakwalwa ta sake karatu. Birki ma haka: abin da ke tsayar da moto da mutum biyu ba ya tsayar da dogon baro mai ɗauke da bulo a tazara ɗaya. Duk wannan a ina ake koyonsa? A filin ƙwallo, da yamma, wajen wani yaro da shi ma jiya ya koya.

Sai babbar magana, kuɗi. Ƙafa uku sabuwa ta ninka moto sau biyu, sau uku, wani lokaci fiye. Dattijon da ya sayar da motonsa bai haɗa ko rabi ba. Hanyoyin da suka rage sanannu ne. Ko ɗa da ke Libiya ko Aljeriya ko Legas ya aiko, ko a sayar da shanun huɗa, ko a jinginar da gona, ko a karɓa wajen wani alhaji a riƙa zuba masa kuɗi kullum, abin da ƴan Kano ke kira balas. Wani tsarin in ka gama biya ta zama taka, amma jimillar da za ka biya ta fi kuɗinta na kasuwa nesa. Wani tsarin kuwa har abada ta mai ita ce. A nan ne muke ganin an yi juyin da ba a lura da shi ba: mutumin da ya shekara da shekaru yana da abin hawansa, komai tsufansa, ba ya bin umarnin kowa, ya koma yaron wani yana da shekara 55. Kuma balas ba ya san zazzaɓi, ba ya san ranar jana'iza, ba ya san damina. Wanda ya gudu daga ciwon gwiwa sai ya tarar dole ya yi awoyin da suka fi na da don ya cika kuɗin mai abu kafin ya fara neman nasa.

Wanda ya jinginar da gona ya fi ba mu tsoro. A gundumar Agye da Gazawa ƙasa ta riga ta yi wa mutane kaɗan, gonar da ta fita hannu da wuya take dawowa. Inji kuwa ƙarfe ne, shekara nawa zai yi bisa hanyoyinmu?

Man da aka gina sana'ar bisa kansa ma ya sauya. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Ranar 29 ga Mayun 2023 Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, ta ci gaba da hawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe iyaka har zuwa farkon 2024, kayan gyara da ke zuwa daga Kano da Katsina suka yi tsada. Man kwalba mai araha ya zama labari. Muna da matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011, kuma a Yulin 2024 hukuma ta rage lita zuwa sefa 499, amma da kowa ya koma gidan mai sai ga dogayen layuka a watan Maris na 2025. Ƙafa uku ta fi moto shan mai. Ribarta na ga cika ta: mutum uku ko huɗu a tafiya ɗaya, ko kaya cike da akwati. In ta tafi da mutum ɗaya ta dawo wayam, asara ce.

Wannan ne ke kai mu ga abin da ke faruwa ranakun kasuwa, wanda kowa ke gani kowa ke shiru. Dogon baro da aka yi don kaya, an cika shi da buhuna, an ɗora mata da yara bisa buhunan, wani na zaune gefen direba, ana tafiya bisa RN1 tare da manyan motocin da ke zuwa Damagaram da bas-bas masu gudu. Da magariba wani ma fitilar baya ba ta aiki. Moto in ta faɗi mutum biyu ne ko uku. Wannan in ya kife gida guda ne. Ba mu ce dattijai ne suka fi yin lodin nan ba, sau da yawa ma sun fi samari tsoron Allah a kai. Amma mai bashin balas, yaro ne ko babba, lissafinsa ɗaya.

Kuma rairayin nan da ya kori dattijo daga moto bai bar shi ba. Adaidaita ƙananan ƙafafu gare ta, cikinta kusa da ƙasa, ko kaɗan ba ta son yashi. Dogon baro ya fi ta haƙuri, amma in ya nutse da kaya sai an sauke an tura, turin kuma ba aikin mai ciwon ƙugu ba ne. Saboda haka wanda ya koma ƙafa uku ya koma mutumin kwalta da hanyar burji da cikin gari. Ƙauyukan da ke can cikin jigawa, da hanyoyin da ke zuwa bakin iyaka wajen Ɗankama, sun zama na samari masu Boxer. Tsofaffin abokan cinikinsa na ƙauye, waɗanda ke kiransa tsakar dare, yanzu wani suke kira. Wasu dattijan wannan rashin ya fi yi musu ciwo bisa kuɗin. A cikin gari kuma ya shiga abincin wasu: mai amalanken jaki, mai tura baro, ɗan ga-ruwa. Su ma talakawa ne, da yawansu ma sun girme shi.

Ta ɓangaren Gidan Rumji da Madarunfa akwai ƙarin wani dalili. Tun 2019 da rikicin ƴan bindigar Zamfara, Sakkwato da Katsina ya koro dubban ƴan gudun hijira zuwa ƙauyukan yankin, moto ta zama abin zargi, don bisa ita maharan ke zuwa, ita kuma suke fara ƙwacewa. Magidanci mai iyali ba ya son a tare shi a daji saboda Boxer, ba ya kuma son jami'in tsaro ya ɗauke shi wani abu daban. An ga yadda aka hana moto a sassan jihar Tilaberi daga farkon Janairun 2020. Duk ɗan kabu-kabun da ke sauraren labarai ya san irin wannan doka dare ɗaya take sauka, kamar yadda ta sauka a Kano. Wasu sun sayi ƙafa uku da wannan tunanin.

Akwai abu ɗaya da ƙafa ta uku ba ta gyarawa, shi ne ido. Gwiwa ta samu hutu, amma yanar ido na nan tana rufowa a hankali, mai ita ma bai sani ba, sai dai ya ce hazo ya yi yawa bana, ko fitilun motocin yanzu sun cika haske. Hawan jini da ciwon suga ma ba sa sallama. A da in ido ya gaza shi da fasinja ɗaya ne, yanzu yaran lakwal shida ne a bayansa. Kuma da yake ƙafa uku ba ta faɗuwa a tsaye, tana iya ɓoye wa mutum gazawar da moto da tuni ta nuna masa. Yanar ido kuwa ana cire ta, aiki ne na ɗan lokaci, ana yin sa a Maraɗi, wani lokaci ma kyauta idan ayarin likitocin ido ya zo.

Sandikar ƴan kabu-kabu da ta masu ƙafa uku na karɓar kuɗi kullum a tasha, meri ma na karɓar nata. Muna ganin daga cikin kuɗin nan za a iya kiran malamin asibiti sau ɗaya a shekara ya auna ido da jini a tashar kanta, a fara da waɗanda suka haura 50. Za a iya ware fili da mutum ɗaya da ya ƙware, duk wanda zai sauya daga moto ya yi kwana uku yana koyon kwana da birki da kaya a baya kafin ya ɗauki ɗan kowa. Masu adashi a tasha kuma su duba ko zubin nasu zai iya zama hanyar sayen ƙafa uku bi da bi, a fara ba dattijai, maimakon kowa ya tafi shi kaɗai wajen mai balas. Waɗanda suka sayi Boxer a 2010 suna da shekara 25 su ne za su cika 50 a 2035, kuma sun ninka na farkon yawa.